Kiɗan da Muka Naɗa a Cikin Rumbun Babana

A shekarun da ake gina madatsar ruwan Bakolori, aikina riƙe sanda ne. Doguwar sanda ce mai zanen ja da baƙi da lambobi. Safiyo zai kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya leƙa ta ido ɗaya, ya yi mini nuni da hannu, in matsa gabas ko yamma, in tsaya cak. Inda na tsaya nan ake buga fegi. Inda aka buga fegi kuma, bayan 'yan makonni katafila za ta biyo. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, na gama firamare, ina iya haɗa Turanci kaɗan, shi ya sa aka ɗauke ni. A ƙauyenmu da ke kusa da Birnin Tudu ana kallona a matsayin wanda ya dace.

Safiyon da nake bi wani Bature ne matashi, bai girme ni da yawa ba. Siriri ne, kunnuwansa kullum jajaye saboda rana, gashinsa a tsaye kamar bai taɓa sanin mataji ba. Ba ya tsawa kamar sauran, kuma yakan raba mini burodinsa. Abin da ya dame ni da shi ɗaya ne: rikodar da yake ajiyewa tsakanina da shi a cikin jif. Da ya tayar da mota sai ya danna kaset, ya ƙure murya.

Ranar farko na ɗauka rikodar ce ta lalace. Jita na ƙara kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa, ganga na gudu kamar an biyo ta, wani mutum kuma yana ta ihu da maƙogwaro. Kafin ka gane inda aka dosa an gama, an faɗa wata. Na tambaye shi ko wannan ma kiɗa ne. Ya yi dariya, ya ce sunansa pank-rok, shi matasan garinsu ke yi yanzu. Na ce Allah ya kyauta.

Amma hanyar Talata Mafara zuwa Maradun da dawowa doguwa ce, kuma kaset ɗin guda ne. Bayan wata ɗaya sai na kama kaina ina buga shi da yatsa a jikin ƙofar mota. Ni ina kaɗa gurmi tun ina ƙarami, a ɓoye, domin gidanmu manoma ne, babana ba ya son a ga ɗansa da kayan maroƙa. Kunnen mai gurmi ya gano mini abin da ke ƙarƙashin hayaniyar. Wurare uku ne kacal yatsun mai jitar ke zuwa, ya je, ya dawo, ya sake zuwa, ba ado ba lanƙwasa. Na ce a raina, ai wannan ko tsirkiya biyu ta isa.

Na roƙi Baturen ya ara mini kaset ɗin ranar hutu. Na kai wa wani abokina a kasuwar Mafara. Makaɗin kalangu ne, zuriyarsu su ke yi wa mahauta kiɗa tun kakanni, ranar Talata shi ke sanar da gari cewa an yanka sa mai kitse. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ba ya dariya sai abu ya kai. Yana da rikoda tasa da wani sarkin fawa ya ba shi. Ya saurara har waƙa uku yana ta murza haɓa.

Ya ce, "Wanga mai ganga, an bugai ne kahin ya zauna?"

Na ce ban sani ba.

"Haushi garai. Ba shi kiɗi don a ba shi komi. Maido ta farko in ji."

A nan muka yanke shawara za mu yi namu, da gurmi da kalangu. Ba mu sa murya, tunda ba mu san abin da ake faɗa ba, kuma ni ban yarda in yi ihun da ban san ma'anarsa ba.

Wurin naɗa ne ya zama matsala. A Mafara akwai ƙarar manyan motoci daga safe har yamma. A gidanmu kuma akwai kaji da awaki da babana. Sai na tuna da babban rumbun ƙasa da ke bayan gida, wanda mutum huɗu za su zauna a ciki ba matsi. A da yana cika da dawa har wuya. Wannan shekarar babu komai a ciki, domin gonarmu ta tudu tana cikin filin da aka ce kowa ya dakata da shuka har a gama daidaita ƙasa, kuma damina ta biyu ke nan ana dakatawa. Saura mana gonar fadama kawai.

Ranakun Lahadi, bayan azahar, lokacin da babana ke tafiya majalisar dattawa, mukan jingina tsani mu faɗa ciki da rikoda biyu, tawa da na saya da albashin farko da ta abokina. Ciki akwai duhu da sanyi da ƙanshin tsohuwar dawa, gumi kuma yana zuba duk da sanyin. Amma sauti a wurin, sai wanda ya ji. Ka taɓa tsirkiya sau ɗaya, rumbu ya mayar maka da ita da kauri.

Mun sha wahala kafin mu gano dabara. Da farko muka kaɗa tare, sai kalangu ya danne gurmi. Sai muka koma naɗa kalangu shi kaɗai a rikoda ɗaya, sannan mu kunna shi, ni in bi da gurmi, ta biyun tana ɗauka. Daga nan in sassauta tsirkiya ta yi kauri, in sake bi a karo na uku, domin a kaset ɗin Bature akwai wata jita mai gurnani a ƙasa. Kowane zagaye sai shuuu ɗin kaset ya ƙaru, amma ba mu damu ba, na Baturen ma ba tsafta gare shi ba.

Gurmina kuwa ya yi laushi da yawa, yana fitowa kamar mai lallashi. Na cire tsirkiyarsa na ɗaura wayar birkin keke. Ta yayyanka mini yatsu har sai da suka yi kanta. Na huda murafun kwalba na jera a wuyansa don su riƙa kaɗawa. Abokina ya kawo gwangwanin madara ya kifa a bakin rikoda inda take ɗaukar sauti, sai ga ƙarar nan ta tsagewa ta fito, irin wadda muke nema. Ranar ya yi dariya har ya buga ƙeya a bango.

Gudu ne ya fi ba mu wuya. Wata rana muka naɗa da batir da ya kusa mutuwa, da muka sa sabo muka kunna, sai kiɗan ya fito a guje, ya fi na Bature sauri. Na yi murna, na ce mun samu hanya. Abokina ya ɓata rai.

Ya ce, "Goge shi. Batir ya kaɗa wanga, ba ni ba."

Ya yi mako uku yana horar da hannunsa, har mahauta suka fara tambayarsa ko lafiya, don kiɗan sayar da nama ma ya koma yi musu shi a guje. Cikin wata huɗu muka cika fuska ɗaya ta kaset.

A cikin waɗannan watanni layin safiyo yana ta matsowa. Ni na fi kowa sani, domin ni nake ganin takardar zanen a kan cinyarsa. Na ga inda babban magudanin ruwa zai bi, na gane gonarmu ta fadama daga lanƙwasar rafi. Ban faɗa wa kowa a gida ba. Kullum ina cewa gobe.

Ranar da muka isa, babana yana gonar, yana gyaran kunyar dankali. Akwai tsamiya biyu da giginya biyar a gonar, kakansa ya shuka giginyun. Baturen ya kafa na'urarsa a bakin hanya ya yi mini nuni in shiga. Na shiga. Ya ce in matsa. Na matsa. Ya ɗaga hannu in tsaya, na tsaya, a gindin babbar tsamiyar, taku goma daga inda babana yake duƙe.

Babana ya miƙe a hankali, ya dafa ƙugu. Ya gaida leburorin da ke ɗauke da fegi ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye su gida da iyali da gajiya, kamar yadda ya saba. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Sannu da aiki, ma'aikaci."

Na ce, "Baba, ba ni na zana ba."

"Na sani. Riƙe da kyau, kada ta karkace a ce ɗana bai iya aiki ba."

Ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gida. Na tsaya riƙe da sandar har aka buga fegin a tsakanin ƙafafuna.

A hanyar komawa na ciro kaset ɗinmu daga aljihu. Na daɗe ina yawo da shi ina jin kunyar nunawa. Ban san abin da na yi zato ba. Wataƙila na ɗauka idan Baturen ya ji, zai gan ni a matsayin mutum, ba sanda ba. Na cire nasa na sa namu.

Ya taka birki a tsakiyar hanya. Ya buɗe baki, ya dube ni, ya dubi rikoda. Ya gane waƙar tun daga bugun farko. Ya riƙa dukan sitiyari yana rera kalmomin a kan kiɗanmu, idanunsa har da ƙwalla don daɗi. Ya ce bai taɓa jin abu mai kyau irin wannan ba tun da ya zo ƙasar nan. Ya tambaye ni da me muka yi, a ina muka yi. Na ce a rumbu. Ya ce me ya sa rumbu. Na ce saboda babu komai a ciki. Ya ce dabara ce mai kyau.

Sai na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, me mutumin nan yake ta ihu a kai. Ya gyara zama ya yi mini bayani da zumuɗi. Ya ce matasa ne 'ya'yan talakawa, ba aiki, ba wanda ke jin ta bakinsu. Manya suna zaune a ofis suna yanke yadda rayuwarsu za ta kasance, a rushe unguwarsu a ce ci gaba ne. Ya ce shi ma ɗan irin wannan unguwa ne, shi ya sa kiɗan ke taɓa shi.

Na ce, "Masta, gonar da muka auna ɗazu ta babana ce."

Kunnuwansa suka ƙara ja. Ya ce bai sani ba, ya ba ni haƙuri.

Na ce, "Ba za a iya karkatar da layin kaɗan ba? Ko tsamiyar ce a bari."

Ya ce zanen daga sama ya zo, shi aunawa kawai yake yi. Ruwa ba ya bin karkatacciyar hanya. Ya ce nan da shekara kaɗan za mu riƙa noma sau biyu a shekara, babana zai gode. Sannan ya tayar da mota, ya mayar da kaset ɗinmu farko, ya sake kunnawa. Har muka isa Mafara yana kaɗa kai.

Ya roƙi in bar masa kaset ɗin kwana biyu. Na bar masa. Ranar Lahadi ya aiko a kira ni da abokina zuwa kwatas ɗin Turawa, wai abokansa suna son ganin masu kiɗan. Muka je da rana tsaka, abokina ya sa rigarsa ta sallah. A ƙofa maigadi ya ce umurnin da aka ba shi mu zagaya ta ƙofar kicin. Abokina ya dube ni, ya gyara ratayar kalangunsa, ya juya ya kama hanyar gari. Bai ce mini in biyo shi ba. Ni na zagaya.

Suna zaune a bakin wani kwamin wanka mai shuɗin ruwa, maza da mata, da kwalabe a hannu. A lokacin matan ƙauyukan da aka tayar daga bakin gulbi a Maradun suna tafiya mai nisa da tulu kafin su samu na sha. Aka kunna kaset ɗinmu a babbar lasifika. Wasu suka fashe da dariya, wata mata ta toshe kunne, wani mai tumbi ya tashi yana tsalle yana kwaikwayon biri. Baturena yana ta yi musu bayani da gaske, ba ya cikin masu dariyar, wannan zan faɗa don gaskiya. Amma bai hana su ba. Aka sa na kaɗa gurmi a tsaye, aka ɗauke ni hoto, aka ba ni lemo a kofin roba.

Kaset ɗin bai dawo hannuna ba. Kullum sai ya ce ya manta a ɗaki. Bayan wata biyu aka mayar da shi ƙasarsu, na zo aiki da safe na tarar da wani safiyon. Abin da ya rage mana sai kwafin da muka yi wa wani direban tasha, wanda zafin mota ya riga ya lanƙwasa.

Katafila ta shiga gonarmu kafin dankali ya nuna. Ban je na gani ba. Innata ce ta faɗa mini babana ya zauna a bakin hanya daga safe har aka kayar da giginya ta ƙarshe, sannan ya roƙi direban katafilar ya bar masa itacen ya yi azara. Direban ya ce ba shi da iko.

Daga nan abubuwa suka ɗau zafi. Manoma suka gaji da jira da alkawarin diyya, suka fito suka tare hanyoyin aiki da itatuwa da duwatsu, suka ce mota ba ta wucewa sai an saurare su. Mutanen ƙauyenmu na ciki, da na Maradun da ruwa ya cinye gidajensu. Abokina ba manomi ba ne, ko taki ɗaya na gona ba shi da shi. Amma ya rataya kalangu ya tafi.

Na gan shi sau ɗaya a wurin. Ina bayan motar aiki da sandata, aka tsayar da mu a shingen. Yana tsaye a kan wani kututture, yana kaɗa kiɗan nan namu na rumbu, na farko a kaset, a guje, ba batir ba gwangwani. Dattawa masu furfura da ba su taɓa jin sunan pank-rok ba suna buga sanduna a ƙasa daidai da bugunsa. Ban taɓa jin kiɗan ya zauna daidai irin na ranar ba. Ya hango ni. Bai daina ba, ya dai ɗaga haɓa ya nuna mini wurin da babu kowa a gefensa. Gurmina yana gida. Ko da yana hannuna, ban san ko zan sauka ba. Direbanmu ya yi ribas muka koma.

Ranar da 'yan sanda masu bindiga suka zo shingen cikin manyan motoci, ina Mafara, an ce kada ma'aikata su fita. Ba zan ba da labarin abin da ban gani ba. Na dai san waɗanda na saba gaisawa da su da ban sake gani ba, na kuma san gidajen da aka yi zaman makoki a ɓoye don tsoro. Babana ya tsira, ya kwana biyu a cikin rafi. Abokina harsashi ya same shi a kafaɗar hagu. Danginsa suka ƙi kai shi asibiti don kada a kama shi, wani mai ɗori ya yi abin da zai iya. Ya rayu, amma hannun ya shanye. Da wannan hannun ake matse kalangu a hammata har ya yi magana.

Ban je duba shi ba sai bayan wata uku. Na ce tsoro ne, kuma akwai tsoron, amma ba shi kaɗai ba ne. A lokacin an gama aune-aune, an sallame mu duka, an karɓi sandar an rubuta a takarda cewa na mayar da ita lafiya. Babana an ba shi wani yanki a cikin filin da aka daidaita, ba inda gonarsa take ba, ƙasar an kankare mata fuska, kuma wani yaro mai takarda ne ke faɗa masa abin da zai shuka da ranar da zai samu ruwa. Ya noma ta shekara shida kafin ya rasu. Bai taɓa kiranta gonarsa ba, sai dai ya ce zai tafi filin gwamnati.

Na tarar da abokina a rumfar mahauta, an ba shi aikin kore ƙuda da zuba nama a takarda da hannu ɗaya. Wani ƙanensa ne ke kaɗa kalangun, ba daɗi. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi babana da innata da kowa. Na zauna a kan benci ina neman ta inda zan fara.

Na ce, "Na so in sauko ranar nan."

Ya ce, "Ba ka sauko ba."

Na ce haka ne.

Ya kaɗa mafici a kan naman. Can ya ce, "Baturenka, ya aiko da wasiƙa?"

Na ce a'a.

"To. Shina can shina jin haushin manya."

Na ce ina tunanin ko za mu sake naɗa wani abu, ko da shi zai riƙa faɗa wa ƙanensa yadda zai buga. Ya dube ni tsawon lokaci, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Ya ce ƙanensa yana da mata da 'ya'ya, a bar shi ya kaɗa wa nama.

Wani mai saye ya zo, ya tashi ya sallame shi, yana danne takardar da haɓa yana naɗewa da hannun dama. Na yunƙura in taimaka, ya ce in bari, ya saba. Na zauna har la'asar, ba mu ƙara wata magana mai nauyi ba. Da zan tafi ya ƙulle mini hanta da ɗan kitse ya ce in kai wa Inna. Na sa hannu a aljihu, ya girgiza kai.

Daga baya na bar ƙasarmu, na yi karatu, na yi aikin ofis a birni shekaru masu yawa. Nakan bi ta Mafara idan na je gida, in tsaya a rumfar mu gaisa. Abokina ya rasu ina wajen wani taro, sai bayan kwana tara labari ya iso ni.